Shin gasar kacici-kacici sana'a ce da za ta riƙe mutum?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Legas da ke Akoka, ina aji uku a sashen tarihi, gidanmu kuma yana Agege. Tun ina sakandare nake shiga gasar kacici-kacici, yanzu ma ni ke wakiltar sashenmu. Mahaifina dillalin shanu ne a Abbatuwa. Kullum cewa yake yi wannan abu wasan yara ne, in na gama karatu in zo in riƙe masa littafin lissafi. Ni kuwa raina yana wurin gasar. An ce mini kai ma ka yi ta, yanzu kai ke rubuta tambayoyi kana tace su. Don Allah akwai abinci a wannan harka? Ta ina ake shiga? Auwalu, daga Agege."

Wa alaikumus salam, Auwalu. Allah ya ƙara basira, ya ja da ran Baba.

Tambaya biyu ka ƙulle a ƙulli ɗaya, sai mun kwance su. Ta farko ita ce ko amsa tambayoyi a gaban jama'a zai ciyar da kai. Ta biyu ita ce ko rubuta tambayoyin da tace su zai ciyar da kai. Amsar ta farko a'a ce, ba tare da kwana-kwana ba. Amsar ta biyu ita ce yana iya kawo cefane, wani lokacin har da kuɗin haya, amma ban ga wanda ya jingina da shi kaɗai ya yi barci da ido biyu rufe ba. Ni na wakilci jami'armu a Arewa shekara uku, bautar ƙasa ta kawo ni Legas, na zauna ina koyarwa a sakandare. Rubutun tambayoyi ya biyo ni ne ta bayan gida, kuma har yau albashin koyarwa ne uwar tukunyata.

Waye ke biyan kuɗin gasa?

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan wasa. Duk wanda ya tashi a gidan da akwai kaka ya san "ƙulunƙulufit", ya san in ka kasa sai ka ce "na ba ka gari". Sai dai wancan yana gwada kaifin tunani ne, wannan na makaranta kuwa yana gwada abin da ka tara a ka da saurin fito da shi. Siffarsa ta jami'o'i daga Amurka ta fito: shirin College Bowl ya fara a rediyo a 1953, ya koma talabijin a 1959. Ingila ta kwaikwaya da University Challenge a 1962, wanda har gobe ake yi. A Gana an fara gasar kimiyya da lissafi ta makarantun sakandare a 1993, ta zama abin da ƙasar ke tsayawa kallo.

Dubi namu yanzu, ka lura da abu guda. Gasar jami'o'in Afirka da kamfanin waya na Celtel ya fara a 2007, wadda ta koma Zain Africa Challenge, Jami'ar Ibadan ta ciyo kofinta a 2009. Da aka sayar da kamfanin a 2010, gasar ta bi shi. Shirin Who Wants to Be a Millionaire na Najeriya, wanda Frank Edoho ya gabatar tun 2004, babbar kyautarsa ta kai naira miliyan 10, ya tsaya a 2017 da mai ɗaukar nauyinsa ya janye, sai a 2022 ya dawo. Cowbellpedia ta kamfanin madara ce, InterswitchSPAK ta kamfanin hada-hadar kuɗi ce, kuma duka biyun na 'yan sakandare ne. Kusan kowace babbar gasa a ƙasar nan daga asusun talla take ci. Ranar da manajan talla ya canza ra'ayi, an naɗe tabarma.

Ga kuma wata matsalar da ta shafe ka kai tsaye. Katin shaidar ɗalibi shi ne tikitinka na shiga gasar jami'a, kuma saura maka shekara ɗaya da 'yan kai. Ɗan ƙwallo yana gama makaranta ya shiga kulob a riƙa biyansa. Ɗan kacici-kacici ba shi da kulob ɗin da zai saye shi.

Za a kawo maka misalin Ken Jennings na Amurka, wanda ya yi gasar a Jami'ar Brigham Young, ya ci wasa 74 a jere a shirin Jeopardy! a 2004, ya kwashi sama da dala miliyan biyu da rabi, yau kuma shi ke gabatar da shirin. Gaskiya ne. Amma lokacin da ya shiga shirin yana da aikinsa na rubuta manhajar kwamfuta, kuma a gefe yana rubutu da tace tambayoyi wa kamfanin NAQT, wanda tsofaffin 'yan gasa suka kafa a 1996 don sayar wa makarantu tambayoyi. Ko shi ɗin, da aiki a hannunsa ya je.

Abin da mai tace tambaya ke yi

Nan ne zan daɗe, domin nan ne sana'ar take, kuma yawancin 'yan wasa sun ɗauka wanda ya iya amsawa ya iya tambaya. Ni ma haka na ɗauka har ranar da na sha kunya.

A shekarata ta biyu a Legas aka ba ni in shirya tambayoyin wata gasa tsakanin makarantu shida. A zagayen ƙarshe, maki ya zo kunnen doki, mai gabatarwa ya karanta tambayata: "Ƙananan hukumomi nawa ne a Jihar Legas?" Wata yarinya ta danna ƙararrawa ta ce 57. Takardata ta ce 20. Aka ce ta faɗi, aka miƙa wa ɗaya ɓangaren, suka ce 20, aka ba su kofi. Kafin a gama tafi malamar yarinyar ta taso har teburin alƙalai, hannunta yana rawa, tana cewa ita a wata ƙaramar hukumar raya ƙasa take biyan haraji, a gaya mata ko ba ta cikin Legas. Kuma tana da gaskiya. Tsarin mulki ya lissafa 20, amma jihar ta ƙirƙiro wasu 37 a 2003, ga sakatariyoyinsu nan kowa yana gani. Yarinyar ta san abin fiye da yadda tambayata ta sani. Ta zauna tana share hawaye da gefen hijabinta, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Kalma biyar kacal suka rage a tambayar: "waɗanda tsarin mulki ya lissafa".

Tun daga ranar, duk tambayar da ta zo hannuna sai na tambaye ta: wane ne zai ba da wata amsa daban kuma ya yi daidai? Ɗauki wadda ake yawan yi, "Wane ne shugaban Najeriya na farko?" Mai cewa Nnamdi Azikiwe yana da hujja, shi ya fara riƙe sunan shugaban ƙasa a 1963. Mai cewa Abubakar Tafawa Ɓalewa yana da hujja, shi ke riƙe da gwamnati a matsayin firaminista lokacin samun 'yanci a 1960. Mai cewa Shehu Shagari ma bai yi ƙarya ba in ana nufin shugaba mai cikakken iko, 1979. A Hausa abin ya fi muni, don kalmar "shugaba" ta haɗiye su duka. Irin wannan tambaya tana hukunta yaron da ya yi karatu mai zurfi, ta saka wa wanda ya haddace layi ɗaya.

Sai tambayar da ta rube a ajiye. Har yanzu ina ganin takardun da ke cewa gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 11.8 da aka buɗe a 1990, ita ce mafi tsawo a Afirka, alhali wata gada a Alƙahira ta karɓe wannan matsayi tun 1996. Adadin jihohi ya tashi daga 12 a 1967 zuwa 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996, saboda haka tsohon littafin da ka kwafo daga ciki yana iya kasancewa daidai a zamaninsa kawai. Taken ƙasa ma an koma wa tsohon a 2024, duk tambayar da aka rubuta a kansa kafin nan sai an sake dubawa. Ƙa'idata ita ce kowace amsa sai ta sami shaidu biyu da ba su kwafi juna ba, kuma in rubuta inda na samo su a ƙasan tambayar. Shafuka goma na intanet da suka kwafi kuskure ɗaya shaida ɗaya ne.

Mai tacewa kuma shi ke rubuta wa alƙali abin da zai karɓa. In amsar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ce, yaro ya ce Usman bin Fodiyo ko Shehu Mujaddadi, a karɓa. In ya ce "Shehu" kawai, a ce ya ƙarasa. In amsar Legas ce ya ce Ikko ko Eko, a karɓa. Alƙali yana da daƙiƙa biyu ya yanke hukunci a gaban iyaye ɗari, ba lokacin tunani ba ne, kai za ka yi masa tunanin tun a gida.

Akwai kuma rabon adalci. In ana yi wa kowace tawaga tata tambayar bi da bi, kada a tambayi wannan babban birnin Faransa a tambayi wancan babban birnin Burkina Faso a ce maki ɗaya ne. A gari kamar Legas, inda ɗan Agege da ɗan Ikorodu da ɗan Festac ke zaune a benci ɗaya, in tarihin da ke takardarka duk na Daular Sakkwato ne, ko duk na Oyo ne, ka zaɓi wanda zai ci tun kafin a fara.

Tambaya mai siffar dala

A gasar jami'o'in Amurka, inda mutum huɗu ke fuskantar mutum huɗu da ƙararrawa a hannu, sun daɗe da gane cewa gajeriyar tambaya tana gwada saurin yatsa ne kawai. Sai suka koma rubuta tambaya doguwa wadda ke farawa da alamar da ƙwararre kaɗai zai gane, tana saukowa har zuwa wadda kowa ya sani. Ni ina kiranta tambayar dala, kamar dalar gyaɗa: sama tsini, ƙasa faɗi. Kowa na iya katse mai karatu duk inda ya gane. Amsa daidai maki 10 ce, a wasu gasannin wanda ya amsa tun da wuri ya sami 15, wanda ya katse ya yi kuskure kuma a cire masa 5. Ga irin wadda nake rubutawa:

"An haife ta a Ɗagel, 'yan biyu ne, abokin tagwaicinta sunansa Hasan. Mijinta, Giɗaɗo ɗan Laima, shi ne wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Takan ɗora wa malamai mata malfa, a kira kowace jaji, su shiga ƙauyuka suna karantar da mata, tsarin da ake kira 'Yan Taru. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta rasu a 1864. Domin maki goma, wace ce wannan 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo?"

Kai ɗan sashen tarihi za ka danna tun a jimla ta farko ko ta biyu ka ce Nana Asma'u. Ɗan sashen injiniya zai jira ta ƙarshe. Kowa ya sami abin da karatunsa ya saya masa, waɗanda ke zaune a zaure kuma sun tashi da sabon sani. A rubutun farko ban sa Ɗagel ba, na fara da 'yan biyu kawai. Abokin aikina ya ja layi a ƙarƙashi ya rubuta: "Hasan nawa ne a ƙasar Hausa?" Dole jimlar farko ta yi wuya, amma dole ta nuna mutum ɗaya tak.

Rubutu da Hausa yana da nasa tarkon da mai rubutu da Turanci bai san da shi ba. Harshenmu ba ya ɓoye jinsi: da ka ce "an haife ta" ka zubar da rabin waɗanda ake zato. In mata biyu ne kawai a manhajar da yara suka karanta, ka ba da amsar tun kalma ta uku, sai ka nemi wata hanyar shiga, ka fara da wurin ko da aikin. Lambobi ma haka: "dubu ɗari da hamsin" wani zai ji 150,000, wani zai ji 100,050. Sannan yaran da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 Hausarsu ta sha Yarabanci da Burokin, in ka cika tambaya da kalmomin da sai a Sakkwato ko Katsina ake jinsu, ka koma gwada karin harshe, ba sani ba. Shi ya sa ba na sakin tambaya sai na karanta ta da ƙarfi wa wani yaron unguwa na ga inda ya ɗaure fuska.

Amana

Jarin mai wannan aiki ɗaya ne, kuma sau ɗaya ake karya shi. Daren wata gasa wani malami ya same ni a masallaci bayan isha'i, muka gaisa, ya tambayi iyali, ya zura mini ambulan a aljihun riga ya ce goro ne. Sai ya ce ba tambayoyin yake so ba, Allah ya kiyaye, fannonin da za su fito kawai. Na mayar masa, na ce ya sayi alli. Bai sake gaishe ni ba har yau. Amma masu shirya gasar sun ji labari ta wata hanyar, kuma shekara tara ke nan suna kirana. In kana rubuta wa gasa, ba ka horar da tawagar da za ta shiga cikinta, ko da ƙanenka ne a ciki. Tambayoyi ba sa kwana a wayar da yara ke wasa da ita, ba a tura su a zauren WhatsApp, kuma wanda zai buga takardar kana tsaye a kansa.

Inda kuɗin yake

Makarantu masu zaman kansu suna biya lokacin bikin ba da kyaututtuka. Makarantun Islamiyya da ƙungiyoyi irin su MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Najeriya, wadda a nan Legas aka kafa ta a 1954, suna shirya gasa a kai a kai, galibi don lada da kuɗin mota, amma nan ne ake koyon aiki kuma nan ne ake ganinka. Gidajen rediyo suna buƙatar tambayoyi, musamman da azumi. Kamfanoni suna shirya wa ma'aikatansu ko abokan cinikinsu. Wanda ya fi ɗorewa a 'yan shekarun nan shi ne masu manhajojin waya da cibiyoyin da ke shirya ɗalibai wa jarrabawar JAMB da WAEC, don su dubban tambayoyi suke so, kowace da bayanin amsarta. Hukumomin jarrabawar kansu daga cikin gogaggun malamai suke ɗibar masu rubuta musu tambayoyi, wanda wannan ma dalili ne na riƙe alli.

Aikin na kaka ne, kamar noma. Wata uku ba ka barci, wata huɗu waya ba ta ƙara. Kuma ka koya daga wautata: wani kamfani ya taɓa karɓar tambayoyi ɗari shida daga hannuna bisa alkawarin baki, aka yi gasar, aka watsa, daga nan lambar wanda muka yi magana da shi ta daina shiga. Yanzu sai an rubuta, an sa hannu, an ba da rabi kafin in ɗauki biro. A rubuta har da ko tambayoyin sun zama nasu har abada ko na gasa ɗaya ne, domin tambayar da aka karanta a fili ta mutu, ba za ka sake sayar da ita ba.

Ta inda za ka shiga kuwa ba ta da nisa da ƙofar gidanku. Ci gaba da gasa har ka gama, amma daga yau ka riƙe littafi, duk tambayar da ta ba ka haushi ka rubuta ta ka rubuta dalilin. Nemi a ba ka karatun tambayoyi ko riƙe maki a gasar 'yan aji ɗaya, nan za ka ji yadda jimla ke sarƙe harshe. Je Islamiyyar unguwarku ka ce za ka shirya musu gasa kyauta. A Amurka ƙungiyar ACF mai shirya gasar jami'o'i ta gina al'adar cewa tawagar da za ta shiga wasu gasanninta ta rubuto nata kunshin tambayoyi, editoci su tace, kuma ta haka yawancin editocinsu suka taso. Ba abin da zai hana ku yin haka tsakanin sassan jami'arku, ko tsakaninku da Jami'ar Jihar Legas (LASU) da kwalejin fasaha ta Yaba (Yabatech). Kada kuma ka tsaya a tarihi kawai. Editan da ba ya iya duba tambayar kimiyya ko lissafi rabin aiki ake ba shi.

Duk wannan daga zauren makarantu da ƙananan ɗakunan rediyo na kwaso shi, can ne na yi rayuwata. Hanyar mutum ɗaya ce, kuma na fara ta lokacin da waya ba ta amsa tambaya cikin daƙiƙa. Yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna zubo tambaya ɗari kafin ka sha shayi, kuma na ga masu shirya gasa sun fara cewa me zai sa su biya mutum. Waɗanda aka kawo mini in duba, na tarar da amsoshin ƙarya a cikinsu an rubuta su da cikakken ƙarfin hali, musamman a tarihinmu da addini. A ganina kuɗin rubutawa zai ragu, na tacewa zai daɗe, amma kai ne za ka rayu a wannan kasuwar fiye da ni.

Maganar Baba kuma, kada ka yi jayayya da shi. Mutumin da ya yi shekaru yana kallon saniya ya faɗi nauyinta kafin a ɗora ta a sikeli ya san abin da ke kawo kuɗi. Riƙe masa littafin ranar Asabar. Wanda ya iya bin bashin mahauta ashirin bai ɓatar da naira ɗaya ba, ya riga ya fara koyon tacewa. In an zo gasa ta gaba ka roƙe shi ya zo ya zauna a layin gaba, kuma kuɗin farko da ka samu daga rubutun tambaya, ko nawa ne, ka kai masa a hannu ya sa albarka.

Kafin nan, rubuto mini tambaya goma: biyar gajeru, biyar masu siffar dala, uku daga ciki da Hausa, kowace da shaidunta biyu a ƙasa. Kada ko ɗaya ta kasance a kan tarihi. Zan mayar maka da su da jan biro, kuma ka shirya, na farkon da aka mayar mini guda biyu ne kawai suka tsira.